Tab a Kujerar Kwamfuta: Kundin Gwajin Ofishinmu a Kano

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Daga yau tebur ɗaya a ofishin nan ya koma kan tab, wato kwamfutar hannu mai fuskar taɓawa, kacokan. Aikin teburin shi ne wanda aka sani a duk ofishin buga takardu na cikin gari: wasiƙu, takardun yarjejeniya, furojet ɗin ɗalibai, lissafin 'yan kasuwar Kwari da Singa, cike fom a intanet, da gyaran rubutun Hausa kafin a kai maɗaba'a. A nan za mu riƙa rubuta abin da ya yiwu, da abin da ya ƙi, da dalilin ƙinsa.

Dalili biyu suka sa aka fara. Na farko, Microsoft zai daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin Intel zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutocin tebur na hannu da muke aiki da su sun girmi wannan. Na biyu wuta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, tayar da inji saboda kwamfutar da ke jan wat sama da 100 don a buga wasiƙa shafi ɗaya ya daina zama lissafi.

Ƙa'idar gwajin: duk aikin da ya sauka a teburin, a tab za a fara gwada shi. Tsohuwar kwamfutar tana nan a kusurwa, a kashe. Duk ranar da dole ta sa aka kunna ta, za a rubuta dalili.

Talata, 14 ga Janairu

Sayen na'ura. A Farm Centre ko titin Beirut, abin da mai shago zai fara yaba maka shi ne yawan mimori da kyan kyamara. Mai neman madadin kwamfuta kuwa tambayarsa ta farko ita ce: bakin cajin nan yana fitar da hoto zuwa monita? A ido duk USB-C ne, rami iri ɗaya, amma cikinsu ya sha bamban. Wanda yake USB 2.0 caji da fayil kawai yake ɗauka. Galaxy Tab A9+ da Tab S9 FE suna da DeX, wato tsarin tagogi irin na kwamfuta, amma a kan fuskarsu ya tsaya, ba sa tura hoto ta kebul. Tab S7 da S8 da S9 suna turawa. A ɓangaren iPad, mai da monita ta zama fuska ta biyu mai zaman kanta sai mai injin M1 zuwa sama, abin da ya zo da iPadOS 16.2 a Disambar 2022. Sauran maimaita abin da ke fuskarsu kawai suke yi.

Mun ɗauki Tab S9 mai inci 11, RAM giga 8, ma'ajiya giga 128, batir 8,400 mAh, da wurin saka mimori. RAM ɗin ba abin wasa ba ne. Mai giga 4, da zarar ka bar takarda ka leƙa burauza, Android na iya rufe takardar a bayanka don ya sami wurin numfashi, ka dawo ka tarar tana buɗewa daga farko.

Idan ta hannu ce, a yi waɗannan kafin kuɗi su bar aljihu. Mai shago ya cire asusun Google da na Samsung, ya goge ta tas a gabanka, a kunna, a haɗa da intanet har ta kai fuskar farko ba ta nemi kalmar sirrin tsohon mai ita ba. A buɗe farin hoto a duba tabo ko inuwar tsohon rubutu. A kalli gefenta, in gilashin ya ɗan ɗago, batir ya fara kumbura. Sannan ka fito da hob, wato ɗan akwatin da ke raba bakin caji zuwa ramuka da yawa, da kebul ɗin HDMI da ka zo da su ka ce, "Alhaji, a ba mu aron talabijin ɗin can mu jona." Wanda kayansa ke da kyau ba ya ƙi.

Talata, 21 ga Janairu

An haɗa teburin: tab a kan mariƙin ƙarfe, hob mai HDMI da ramukan USB da ramin shigar caji, monita inci 22, kibod, maus, caja wat 45.

Abu biyu suka taso. Hob na farko yana fitar da hoto, amma batirin tab ɗin raguwa yake yi alhali caja na jone. Dalili shi ne hob yana cire rabonsa na wuta kafin ya miƙa saura, kuma cikakken wat 45 a wannan na'ura sai da caja mai tsarin saurin caji na PPS da kebul mai ɗaukar amfiya 5. Kebul ɗin amfiya 3 da ya cika kasuwa ba ya kai wa nan. Da aka sa hob mai wuce da wat 100 da kebul mai kauri, batir ya fara hawa ana cikin aiki. Ba ya gudu kamar in an jona kai tsaye, amma yana hawa, abin da ake buƙata ke nan.

Na biyu, maus marar waya yana tsalle duk lokacin da aka soka filash a gefensa. Ramin USB 3 yana fitar da hayaniya a zangon 2.4 GHz, inda ɗan makunnin maus ɗin ke sauraro. Gajeren kebul na ƙari da ya nisanta makunnin da taƙi biyu ya kashe maganar. Kibod kuwa mai waya muka sa. Ba ya neman batir, ba ya barci, harafin farko ba ya ɓacewa in an dawo daga salla. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan hob da ba a amfani da su, don haka an toshe su da 'yan murafun roba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Takardun Turanci. Word da Excel na Android kyauta ake gyara da su a na'urar da fuskarta ba ta wuce inci 10.1 ba. Tamu 11 ce, saboda haka karatu kyauta, gyara sai da rajistar Microsoft 365. A sa wannan cikin lissafi tun kafin saye. Mun biya, mun kuma ajiye Collabora Office a gefe, wadda daga LibreOffice ta fito, kyauta ce, ba ta neman intanet.

Wasiƙa da yarjejeniya ba su ba da wahala ba. Furojet ne mai jan rai. Makarantu suna son shafukan gaba da i, ii, iii, babi na ɗaya ya fara da 1, ga kuma jadawalin abin da ke ciki. Word ɗin tab yana kiyaye waɗannan in ya same su a shirye, amma gina su daga tushe a cikinsa ba ya tafiya. Sai muka kunna tsohuwar kwamfuta, karon farko, aka gina samfuri guda mai komai: rabe-raben sashe, lambobin shafi, gefe, tazarar layi biyu, Times New Roman 12. Yanzu kowane sabon furojet kwafin samfurin ake yi a zuba rubutu. Sabunta jadawalin kuma a Word na cikin burauza ake yi.

A kula da girman takarda. Sabon fayil yakan zo a Letter ta Amurka, milimita 216 da 279, mu kuwa A4 muke saya, 210 da 297. In ba a gyara tun farko ba, layukan ƙarshe za su tsallaka sabon shafi ranar bugawa. Haka in salon haruffan da aka yi takardar da shi babu a tab ɗin, za ta musanya da wani mai faɗi daban, shafi 60 ya koma 63, jadawali ya yi ƙarya. Dokar teburin daga yau: duk abin da zai fita, ko zuwa firinta ko zuwa wayar mai aiki, a PDF zai fita.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yau muka iso wurin da babu mai tallar tab da zai yi maka bayaninsa: ƙ da ɗ da ɓ.

A kibod ɗin kan gilashi babu matsala, Gboard yana da Hausa da haruffanta masu lanƙwasa. Amma mai buga shafi 40 a wuni ba zai yi da yatsa a gilashi ba, shi kuwa kibod na waje jerin Turanci yake bi, babu ƙ a cikinsa.

Ga kuma tsofaffin fayiloli. Shekaru da dama marubutan Hausa da maɗaba'un Kano sun dogara da salon haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙira tun lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu ba. Aiki ne da ya ɗauki rubutun Hausa ya haye da shi zamanin kwamfuta. Dabararsa ita ce aron maɓallan da Hausa ba ta cika amfani da su ba: ƙ ta zauna a kan }, Ƙ a kan {, ɗ a kan ], Ɗ a kan [, ɓ a kan ~, Ɓ a kan |. A cikin fayil alamar nan ce a ajiye, salon haruffan ne ke zana ta da siffar ƙ. To tab ba ta da Rabi'at, kuma Android ba ya barin ka cusa wa Word salon haruffa yadda ake yi a Windows. Don haka littafin da aka kawo mana gyara ya buɗe da "}asa" da "]aya" da "~angare" daga bango zuwa bango.

Maganin dindindin shi ne a mai da su Unicode, inda kowane harafi ke da lambarsa ta kansa a duk duniya: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, manyansu kuma U+0198, U+018A, U+0181. Ana yi da "nemo ka musanya", zagaye shida, harafi ɗaya a kowane zagaye. Amma kafin a taɓa komai a yi kwafi, sannan a bincika ko marubucin ya yi amfani da [ da ] a matsayinsu na asali, kamar a lambar madogara ko ƙarin bayani cikin zance. In akwai, a fara mai da su wata alama ta wucin gadi, a yi musanyar, a dawo da su. In ba haka ba [12] zai koma Ɗ12ɗ, kuma a littafi mai madogara da yawa gyaran wannan da hannu aikin wuni ne.

Daga nan dabarar buga sabon rubutu ta fito da kanta. Yatsun masu buga mana sun riga sun haddace wuraren Rabi'at. Sai muka bar su su ci gaba da bugawa yadda suka saba, a ƙarshe a yi zagaye shidan nan. Saurinsu bai ragu ba, fayil ɗin da ya fita kuma yana karantuwa a kowace waya, ana iya nemo kalma a cikinsa, ana iya ɗora shi a intanet ba tare da ya rikice ba. Mai son ganin harafin nan take yana bugawa ya gwada manhajar kibod ta Keyman, ta ƙungiyar harsuna ta SIL, kyauta ne kuma yana aiki da kibod na waje a Android. A ganinmu duk mai tsohon rubutun Hausa a kwamfuta ya kamata ya yi wannan musanyar ko da ba shi da niyyar sayen tab, domin ranar da na'urar da ke riƙe da Rabi'at ta mutu, magada alamomi za su tarar.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Ragowar maganar Hausa. Ba kowane salon haruffa ke da masu lanƙwasa ba. In babu, ko dai akwati ya fito, ko ƙ ta fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma, ta fi 'yan uwanta kauri ko tsawo. Noto Sans, Noto Serif, Charis SIL, Gentium da Andika duk suna da su cikakku. Kafin a miƙa PDF a ƙara girmansa a duba kalma mai Ƙ da Ɗ manya, su aka fi mantawa.

A kashe gyaran kalma na kai-tsaye, in ba haka ba zai riƙa mai da kalmomin Hausa Turanci. A kashe kuma lanƙwasa alamar zance, domin a farkon kalma irin 'ya'ya ko 'yan yakan juya alamar ta kalli baya, ya ɗauka buɗe zance za a yi.

Larabci na takardun shaidar Islamiyya ya tafi lafiya: an ƙara jerin Larabci a saitin kibod na waje, rubutu daga dama ya zauna daidai, da Amiri ko Scheherazade New. Mai son ajami da hannun da aka saba gani a allo da littattafan kasuwar Kurmi, akwai Alkalami, wanda SIL ta zana bisa rubutun Kano, yana cikin haruffan Google.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Data ta ƙare kafin lokacinta, a daidai watan da ƙarin kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi ranar 20 ga Janairu, har kashi 50 cikin 100, ya fara aiki. Tab tana ɗaukar mifi a matsayin Wi-Fi marar iyaka, sai ta saki jiki: sabunta manhajoji, ɗora hotuna, sauke duk bidiyon da aka turo. An shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin an ce a ɗauke shi a matsayin mai awo, an hana Play Store sabuntawa da kansa, an kashe saukar kai-tsaye a WhatsApp. Sabuntawa yanzu da hannu ake yi, mako-mako.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, aiki ya koma safe zuwa la'asar. Makon nan na firinta ne.

Tsohuwar firintarmu ta tona, mai USB kawai, tab tana ganin an jona wani abu amma ba sa jin yaren juna. Irin waɗannan ƙananan firintoci ba su da ƙwaƙwalwar sarrafa shafi. Direbansu da ke cikin Windows shi ke zana shafin gaba ɗaya ya tura musu ɗigo-ɗigo, wasu ma sai kwamfuta ta loda musu manhajar cikinsu duk lokacin da aka kunna. Babu direba, babu bugu. Akwai manhajojin Android masu ɗauke da direbobin wasu samfura, amma dace ne, kuma a gwajinmu gefen shafi ya goce.

Hanyar da ta tsaya da ƙafarta ita ce firinta mai Wi-Fi da ke da alamar Mopria ko AirPrint a kwalinta. Waɗannan ba sa neman direba. Matakan: a haɗa firinta da tab a kan mifi ko rauta ɗaya, a tabbatar zangon 2.4 GHz a kunne yake, domin yawancin firintoci shi kaɗai suka sani. A kashe saitin rauta mai hana na'urori ganin juna. A ba firintar adireshin IP tsayayye don kada ta ɓace bayan an ɗauke wuta an dawo. Wajen bugawa a zaɓi A4 da girma kashi 100, kada a bar "daidaita da shafi", yana ƙanƙantar da rubutu ya ɓata gefen da za a ɗinke.

Mai tankin tawada muka kawo, saboda wutar da take ja ba ta kai wat 20 ba, ita kuwa ta tona takan ja ɗaruruwa lokacin da take gasa hitarta, ƙaramar inbata ta yi ƙara ta mutu. Sai dai tawada na da sharaɗinta a garin nan. Iskar rani tana busar da kan bugu, don haka ko babu aiki a fitar da shafi mai launi duk mako. Kuma ruwa na ɓata ta. Takardar fili ko yarjejeniyar da za ta shekara a akwati har yanzu tona ta fi dacewa da ita. Wanda ba ya son rabuwa da tsohuwar firintarsa zai iya jona ta da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi mai manhajar sarrafa firinta ta CUPS, ita ta riƙe direban, tab ta gan ta a Wi-Fi. Mun sa wannan a jerin gaba.

Talata, 18 ga Maris

Lissafin 'yan kasuwa. Kasuwar sallah ta buɗe a Kwari, dilolin atamfa da shadda na shiga da fita, littattafan bashi sun yi kauri. SUMIFS da VLOOKUP da tace layuka duk suna aiki a Excel ɗin tab, kuma a monita da maus ba ka jin bambanci sosai. Makro ne, wato umarnin da ake shiryawa a fayil ya yi aiki da kansa, ba ya tashi sam. Fayil ɗaya mai maɓallin fitar da rasit an sake gina shi da dabarun lissafi zalla: shafi guda na rasit, ka sa lambar ciniki a sama, sauran gurabe su cike kansu.

Tarko biyu da suka shafi kowace na'ura amma suka fi kama mutum a sabuwa. Lambar waya mai farawa da 0 da lambar asusun banki mai lamba 10 suna rasa sifirinsu na gaba in ba a mai da ginshiƙin "rubutu" ba kafin a zuba. Sai kwanan wata: in yankin tab ɗin yana kan Amurka, 3/4/2025 zai zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, ranar biyan bashi ta matsa wata guda babu wanda ya lura. A mai da harshe da yanki Turancin Ingila ko na Nijeriya.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun sallah. Filash ɗin masu kawo aiki: waɗanda aka shirya a tsarin FAT32 da exFAT suna buɗewa ana rubutu a kansu, sai dai FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4. NTFS a na'urori da yawa karatu kawai. Namu duk an mai da su exFAT. A riƙa sallamar filash daga saiti kafin a zare.

Wata riba da ba mu sa a lissafi ba: ƙwayar cutar nan mai ɓoye folda ta bar gajerun hanyoyi na bogi ba ta tashi a Android. Fayilolin da ta ɓoye ma a fili suke fitowa, a kwashe su, a goge tarkacen. Amma tab na iya ɗaukar cutar ta miƙa wa wani ba tare da ita ta kamu ba, saboda haka kada a kwafi abin da ya ƙare da .exe ko .lnk ko .vbs.

Yawancin aiki ta WhatsApp yake zuwa. An haɗa tab ɗin da lambar ofis a matsayin na'urar haɗi, ana iya haɗa har 4, amma in babbar wayar ta yi kwana 14 ba a taɓa ta ba za su fita. Masu turo fasfo da takardun shaida muna roƙonsu su turo a matsayin fayil, domin in a hoto ne yana matse shi rubutu ya dushe.

Talata, 22 ga Afrilu

Zafi. Da rana garin yana haura digiri 40, ofis kuma rufin kwano ne. Waɗannan na'urori an yi su ne don yanayin da bai wuce kimanin 35 ba, kuma tab ba ta da fanka a ciki, bayanta na ƙarfe shi ne hanyar fitar zafinta. Tsakanin azahar da la'asar, tana tura hoto tana kuma caji, sai ta rage saurin caji, wani lokaci ta tsayar, aiki ya yi nauyi. Kare batir take yi, domin batirin litiyam da ake cusa wa caji cikin zafi shi ne mai kumbura.

Abin da aka yi: an cire rigar roba gaba ɗaya, an bar bayanta a buɗe a kan mariƙi, ba a kwance a tebur ba, an sa ƙaramar fankar USB tana hura bayan, an kunna kariyar batir ta tsaya a kashi 80, ana kashe fuskarta in ana aiki a monita, an kawar da teburin daga jikin bangon yamma. Cika batir da safe ake yi kafin rana ta ɗaga. Fankar ce ta fi kowanne tasiri. Kada a sa ta a firji ko a ɗora mata ledar ruwan sanyi: raɓa ke taruwa, gilashi da hob kuma ba sa son sauyin zafi farat ɗaya.

Talata, 6 ga Mayu

Lissafin wuta, daga lambobin da ke jikin kayan. Monita kimanin wat 20, tab tana aiki kimanin 10, hob da mifi da fanka su cike, a ce 40 gaba ɗaya. Kwamfutar tebur da monitarta a ce 150. Batirin sola mai bolt 12 da 100Ah yana riƙe da 1,200 Wh, in na ruwa ne rabi ake ci don ya yi ƙarko, wato 600. A wat 40 awa 15 ke nan a takarda, a wat 150 awa 4. Inbata za ta ci nata a duka biyun, kuma a ƙaramin lodi irin wannan cin nata ba kaɗan ba ne.

Shi ya sa muka fara kauce mata. Cajar mota mai USB-C PD, an jona ta da batirin ta fiyus, tana ba hob wuta kai tsaye. Monita mai adaftar bolt 12 ma za ta iya, amma sai an sa mai daidaita wuta a tsakani, domin batir yana kai wa 14.4 lokacin da rana ke cika shi. Fawa bank mai 20,000 mAh kuwa Wh 74 ne a rubuce, abin da ke isa na'ura bai kai haka ba, amma yana cika batirin tab mai kimanin Wh 32 ya bar saura. Ranar da babu wuta babu rana, a zare monita a ci gaba a fuskar inci 11. Inji yanzu sai in za a yi bugun tona mai yawa.

Talata, 20 ga Mayu

Ga abin da littafin kusurwa ya tara, wato dalilan kunna tsohuwar kwamfuta. Fayilolin CorelDRAW na katin biki da banna, waɗanda masu zane da maɗaba'u ke aiki da su, ba sa buɗewa a Android. Na'urar ɗaukar zanen yatsa direbanta na Windows ne. Wasiƙa ɗaya da za a haɗa da jerin sunaye ta fito da sunan kowa, Word ɗin tab ba ya yi. Sai wani shafin hukuma guda da maɓallin ɗora takardarsa ya ƙi motsi ko da an sa burauza a yanayin kwamfuta. Sauran shafukan sun yi aiki, muddin hoton JPEG ne ba HEIF ba, an kuma rage nauyinsa zuwa abin da suka ƙayyade.

Ba za a sayar da ita ba. An cire mata monita da kibod, ta koma ƙarƙashin tebur, ana shiga cikinta daga tab ta Remote Desktop a kan rautar ofis, ba a cin data. Wannan sai Windows ɗin Pro, na Home ba ya karɓar baƙo ta wannan hanya. Zane yana ɗan jan ƙafa, amma buɗe fayil a fitar da PDF ba ya gagara. Kafin Oktoba za a yanke mata fita intanet daga rauta, ta zauna a cikin gida kawai. Ofishin da zane ko rajistar zanen yatsa ne abincinsa kada ya bi mu, kwamfuta zai saya. Wanda rubutu da lissafi da fom ne aikinsa, teburin nan ya ɗauke su.

Talata, 3 ga Yuni

Hadari ya fara haɗuwa, ga layya ranar Juma'a. Takarda ta fara shan danshi tana lanƙwashewa a firinta, an mai da rim-rim ɗin cikin leda a kabad, ana ciro na wuni kawai. In an fara tsawa a zare caja da HDMI daga hob, domin ta nan wuta za ta bi ta ƙone bakin caji, shi ne kuma ƙofa ɗaya tilo ta caji da monita da filash. Saboda wannan bakin ne ma aka ɗaure kebul ɗin hob a jikin mariƙi, nauyinsa ya daina rataya a ramin.

Ajiya: aikin yau da kullum yana cikin tab, kwafi na zuwa SSD na waje duk Alhamis kafin a tashi, na uku a OneDrive, tunda rajistar 365 ta zo da tera 1. Giga 15 na Google kyauta da Gmail da hotuna ake raba shi, ba ya isar ofis. An sa lambar kulle mai tsawo da neman na'ura daga nesa, tunda abin da ke shiga jaka yana iya fita a jakar wani.

Tebur na biyu zai koma bayan sallah, da Tab S8 ta hannu in ta ci gwajin talabijin. Raspberry Pi ɗin ta iso, saura katin mimori mai giga 16 da adaftar bolt 5, sai a gwada ta da tsohuwar firintar tona ranar Talata mai zuwa.